Jiragen da Fanuris Ya Ƙera

Kakan Fanuris na cikin waɗanda suka jera duwatsun da ke tare igiyar ruwa a tashar tsibirin Aliki, tun ƙauyen bai wuce 'yan gidaje da coci ɗaya ba. Uban Fanuris ya kafa rumfar ƙera jirage a bakin tashar, shi kuma ya gaje ta da zartunanta da ƙaurin kwaltarta. Da wuya ka ga jirgin katako ya fita kamun kifi daga nan ba aikin hannunsa ba.

Yana da furfura aka zo daga birni da sanarwa: kifi ya yi ƙaranci, duk masuncin da ya ajiye sana'a za a ba shi diyya, amma sai an farfasa jirginsa a gaban jami'i. Manyan jiragen ƙarfe da ke share teku da taru kuwa, ba wanda ya ce musu kanzil.

Wani masunci, Zannis, shi ya fara amincewa. Jirginsa gadon ubansa ne, kuma shi ne na farko da Fanuris ya ƙera shi kaɗai.

"Ka bar mini shi," in ji Fanuris a shagon kofi. "In ja shi tudu, ko yara su yi wasa a ciki."

"Ba za su yarda ba, Baba. Sai sun ga ɓaraguzai."

"Kai fa, ka yarda? A cikinsa ubanka ya koya maka ɗaura ƙugiya, marar kunya."

"Gwiwoyina sun gaji, 'yata na karatu a birnin Atina. Katako zan dafa mata?"

Ranar da aka sauke katafila don farfasa jirgin Zannis, Fanuris ya tsaya gab da ita. Haƙoranta suka shiga cikin jirgin, katakon ya yi ƙara ya dare. Jami'in ya ce ya matsa baya don lafiyarsa. Fanuris ya tofa yawu kusa da takalminsa.

Kafin bazara ta zagayo an farfasa mafi yawan jiragen katakon. Fanuris ya garƙame rumfar, bai ƙara yi wa Zannis magana ba, ko a coci. Yanzu jiragen roba na masu yawon buɗe ido ne cike da tashar. Bara wani mai gidan abinci ya roƙe shi ya sassaƙa masa ɗan ƙaramin jirgi na ado, ya rataya a bango. Da sanda Fanuris ya kore shi har bakin titi.