Hayaƙin Tattasai

Ɗana na fari yana cikin motar da ƴan bindiga suka tare a hanyar Shetimari, shekarun da hanya ba ta da tsaro. A gabansa aka harbe direba. Ya dawo gida da jinin wani a rigarsa. Lokacin bai gama makarantar lakwal ba.

Daga nan ya canza. In ƙofa ta buga da ƙarfi, sai ya far wa duk wanda ke kusa. Ya fasa wa ƙanwarsa kai da taɓarya. Ya ciji mai koyar da su a hannu, aka koro shi.

Na kai shi likita a Difa. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ba da ƙwayoyi farare masu kwantar da jiki. Mahaifinsa kuma ya ce sai an kai shi wurin wani malami a bakin kogin Komadugu. Can ana sa wa yaro mari a ƙafa, a zuba busasshen tattasai a garwashi, a lulluɓe shi da bargo, a yi ta bulala har aljanin ya yi kururuwa. Sai an ji kururuwar ake ɗaga bargo.

Ni kuwa na san in ya sha ƙwayar nan, ko sunansa da kyar yake amsawa.

Na koma wurin majo. "Don Allah ka je ka faɗa wa malam da bakinka."

"Madam, ni da na yi karatu Yamai zan je in durƙusa a zaure? Ku hana a kai shi, shi ke nan."

Kamar ni ke da wannan ikon.

Na je wurin malam, na durƙusa a bakin ƙofa. "Allah gafarta malam, yana shan maganin likita, ba zai iya kuka ba."

Ya yi dariya. "Ƴata, aljani ma ƙwaya yake sha? In ya yi shiru, taurin kai ne."

Ranar da za a kai shi, da hantsi mahaifinsa ya ba shi ƙwayar don ya samu ya ɗauke shi. Na bi su, ina waje ina jin saukar bulala, ba na jin muryarsa. Hayaƙin har ni ya sa tari. Na yi ihu, na doki ƙofa, mutanen malam suka riƙe ni. Suna jiran kururuwa. Da suka gaji suka ɗaga bargon, bayansa duk ya tsage, bakinsa da kumfa, ba ya numfashi.

Majo da malam duk sun zo gaisuwa, aka shimfiɗa musu tabarma ɗaya. An ce mini sun daɗe suna magana, majo yana bayanin ƙwayar, malam yana tambaya. Ina cikin ɗaki, ban fito ba.