Goɗiyar Baba da Balaraben Ingarma

Litinin: Zuru zuwa Kaduna

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka jingina bayan motar ɗaukar kaya, ƙirar kanta, da tudun ƙofar gidanmu, domin Danda ta samu hanyar shiga. Danda goɗiyar mahaifina ce, shekarunta goma sha takwas. Kakarta Baba ya saya ranar da ya tuɓe kakin soja, kuma a cikin zuriyar ita kaɗai ta rage. Sau biyu ana yi mata barbara da dawakin Mahuta, sau biyu tana ɓari. Shi kuwa Baba, tun yana kurtu a Kaduna yana yi wa wani hafsa kiwon Balaraben doki, ya sa wa ransa sai ya ga irin wannan jini a turkensa. Yanzu ya haura tamanin, idanunsa sun tafi, da tafin hannu yake ganin Danda.

Ya shafa wuyanta ya ce, "Yohanna, ranar Juma'a ina jiranku. Kada ka ba ta ruwan rijiyar da ba ka sani ba."

Direbanmu Ɗanjuma, Bakabe ne mai surutu, mun shirya da shi a kan naira dubu ashirin da biyar zuwa da dawowa. Kafin Rijau ya fara mita. "Malam, wagga hanya ba ta mutane ba ce, balle tsohuwar goɗiya. Mi kaka nema har Kaduna, dawaki sun ƙare a ƙasarku?" Ni ina can ina leƙen baya duk ramin da muka faɗa. Sai takwas da kwata muka shiga Kontagora, muka sha koko da ƙosai na naira sittin, na jiƙa wa Danda dusa da ruwan gida da na ɗauko a jarka.

A wani shinge bayan Tegina, soja ya ga lambar motarmu ya gaishe ni da yarenmu. Ashe ɗan Danko ne, can kusa da garinmu. Da na gaya masa abin da ya fito da mu, ya yi dariya ya ce, "Wato amarya kuka ɗauko? To a wuce, kada ango ya gaji da jira." Mun isa Kaduna biyar da rabi na yamma, muka sauka gidan wani tsohon abokin aikin Baba.

Talata: Kaduna

Da hantsi na nufi bargar masu wasan folo, domin a tunaninmu na mutanen gida, inda dawaki masu tsada suke, nan ingarma yake. Na ga dawaki kuwa, dogaye, jikinsu na sheƙi. Na zaɓi wani baƙi, na ce wa dattijon da ke kula da bargar shi nake so.

Ya dube ni ya ce, "Malam, ka sunkuya ka duba da kyau."

Na sunkuya. An fiɗiye shi. Na gaba ma haka, saura kuma duk mata ne. Dattijon ya ce ai dokin wasa ba a barinsa da ƙarfinsa, in ba haka ba faɗa zai yi a fili maimakon bin ƙwallo. Mu a Zuru wa zai taɓa fiɗiye doki mai kyau? Kunya ta kama ni, Ɗanjuma kuwa har da riƙe ciki.

Dattijon ya tausaya mini. Ya ce akwai wani mai gona a bayan Zariya da ya kawo Balaraben ingarma ta hanyar Sudan, kuma akwai likitar dabbobi da ke duba masa goɗiyoyi. Ya zana mini hanya a bayan kwalin sukari.

Laraba: Zariya

Mun tashi shida, mun isa gonar takwas saura. Ina sauka na gan shi. Fari ne, bai kai na folo tsawo ba, fuskarsa a ɗan lotse, wutsiya a ɗage. Duk yadda Baba ya shekara arba'in yana kwatanta mana shi, haka yake. Na tsaya riƙe da shinge, ina jin haushin cewa ni nake kallo ba Baba ba.

Likitar wata gajeruwar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta sa safar roba har kafaɗa ta duba Danda, sannan ta haska cikinta da na'ura. Ta tambayi watan da ta yi ɓari, na gaya mata.

Ta ce, "Za ta iya ɗauka, amma wannan ne na ƙarshe. Mahaifarta ta gaji. Sai ta zauna nan, na riƙa yi mata allura ina duba ta har ta haihu. In ka mayar da ita kan hanyar da ka kwatanta mini, cikin ba zai kai Kontagora ba."

Na ce, "Likita, har yaushe ke nan?"

"Wata goma sha ɗaya, daga ranar da ta ɗauka."

Na ce mai ita tsoho ne, makaho, kuma kullum da safe wurinta yake fara zuwa kafin ya gaisa da kowa. Ta cire safar ta ce, "Wannan kuma ba aikina ba ne, Malam. Kai ka san mahaifinka."

Ina da wayar salula, amma sabis bai kai unguwarmu ba tukuna, babu yadda zan ji ta bakinsa. Na zauna a kan buhun harawa har azahar. In na koma da ita, Baba zai samu wuyan da zai shafa, zuriyar kuma ta ƙare. In na bar ta, ban san wanda zai riga wani ba, ɗan duƙushin ko kabari. Daga ƙarshe na kwance igiyar Danda da hannuna na miƙa ta ga mai gonar. Ta bi ni da ido har bakin mota, ban iya waiwayawa sau biyu ba.

Juma'a: gida

Alhamis muka kwana Kontagora saboda tayarmu ta fashe. Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Juma'a muka shiga Zuru. Baba yana zaune a ƙofar gida cikin rigarsa ta zuwa coci. Ya ji tsayuwar mota, ya karkata kunne, ya jira ƙarar kofato. Da shirun ya yi yawa ya ce, "Ta mutu?"

Na durƙusa na gaya masa komai. Ya sa na kwatanta masa ingarman tun daga kunne har wutsiya, na gama ya ce in sake. Sannan ya tambaya, "Wata nawa ta ce?"

"Goma sha ɗaya, Baba."

Ya lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, suka ƙare, ya ɗago ɗaya. Ya daɗe yana riƙe da shi. Ya ce, "Da ka dawo da ita, da ban yafe maka ba. Zan yi ƙoƙari in kai."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Ɗanjuma, da dattijon barga, da likitar da ba ta ɓoye mini gaskiya ba. Mai karatu, in kana addu'a, ka roƙa wa Baba wata goma sha ɗaya.