Ƙunshin da Kaka ta yi mini da lalube

Akwai wata ranar Laraba, saura kwana biyu Ƙaramar Sallah, da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ko da zan yi tsawon rai irin na kakata.

A shekarar na gama karatu, na fara sayar da leshi da mayafai ta waya. Duk wanda ya san Legas a goman ƙarshe na azumi ya san yadda gari yake komawa. Kowa sauri yake, kowa da leda a hannu, har direbobin motocin haya na danfo sai ka rantse tela ne yake jiransu. Ni da aka sani da zama bakin taga ina kallon jirgin ƙasa yana ratsa unguwarmu ta Agege, ina 'yan rubuce-rubucena, sai ga ni na zama 'yar kasuwar Idumota. In fita da sassafe, in dawo dab da shan ruwa, in gaida Kaka daga bakin ƙofa ko takalmi ban cire ba.

Ranar ina da kaya da zan kai tashar Ojota kafin la'asar, a sa wa wata mata a motar Kaduna. Na saɓa jaka ke nan Kaka ta kira ni. Tana zaune a tabarma, ga kwanon lallen da ta kwaɓa tun asuba, ga leda da tsummoki a gefe.

"Hajiyar kasuwa, zo ki miƙo ƙafa."

"Kaka, ai yanzu an daina irin wannan. Gobe zan je a zana mini baƙin lalle, nan da nan an gama."

"Wancan fenti ne. Zauna."

Tun ina ƙarama ita ke yi mini ƙunshin sallah, kuma irin nata in aka ɗaure ka, ba sauran tashi sai lalle ya kama. Na zauna dai don kunya, ina raya wa a zuciya cewa tana gama ƙafa ɗaya zan lallaɓa in kwance in tafi.

Ina cikin amsa saƙo a waya na ji yatsunta suna bin ƙafata a hankali, daga diddige zuwa babban yatsa, su dawo, su sake bi. Na ɗago kai. Ba ƙafar take kallo ba, bango ta fuskanta. Ta miƙa hannu za ta ɗebo lalle, hannun ya sauka a tabarma. Sai da ta laluba sau biyu kafin ta taɓa kwanon da ke gabanta.

Na ajiye wayar.

"Kaka, ba kya gani ne?"

"Ina ganin haske. Inuwarki ma ina gani in kin wuce da gudu."

"Tun yaushe?"

"Tun wajen Mauludi yake rufewa kaɗan-kaɗan."

"Kuma ba ki gaya wa kowa ba?"

Ta yi 'yar dariya tana naɗa mini leda. "Wa ya zauna?"

Ba da fushi ta faɗa ba, shi ya sa ma ta fi yi mini ciwo. Gida ɗaya muke kwana, ni nake miƙa mata kunun shan ruwa, amma wata shida ban kalli idonta ba. Hawaye ya ƙwace mini.

"Kar ki ɓata mini aiki da motsi," in ji ta. "Kukan me kuma? Idon nan ya yi aikinsa. Da shi na ga teku ranar da kakanki ya kawo ni garin nan, na zaci sama ce ta kwanta a ƙasa. Da shi na ga fuskar uwarki, na ga taki ranar da aka haife ki, mummuna da ke. Abin da ya ba ni na gode. Yau kuma ga hannu, ga ƙafar jika a cinyata. Alhamdulillahi."

Na miƙa mata ɗaya ƙafar, na miƙa hannuwa biyu. Da aka ɗaure su, ko ina so ba halin ɗaukar waya. Muka zauna har rana ta karkata. Na ji tattabaru suna takawa a kan kwanon rufi, na ji maƙwabciyarmu Bayarabiya tana suyar tattasai tana waƙa ƙasa-ƙasa, jirgi ya wuce tagar ta yi rawa. Duk suna nan kullum, ni ce ba na nan.

Motar Kaduna ta tashi ba kayana. Matar ta yi mini faɗa sosai, da gaskiyarta, ta fasa sayen. Na ba ta haƙuri. Ƙunshin kuwa ya fito ja jawur amma a karkace, wani yatsan ma an tsallake shi. Haka na je idi da abina, ban ɓoye ba.

Bayan sallah muka kai Kaka asibiti, aka ce yanar ido ce, aka yi mata aiki a ido ɗaya. Ranar da aka cire bandejin na nuna mata hoton ƙafata na ranar idi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wace mara tausayi ce ta yi miki wannan ɓarnar?"

Har yanzu ina kasuwata, kuma duk sallah garin nan gudu yake. Amma na koyi cewa ba a gode wa abin da ba a tsaya an kalla ba, mutum ne ko ni'ima. Saura kwana biyu sallah nakan kashe waya, in cire takalmi, in shiga ɗakin Kaka in miƙa ƙafa.