Khemraj Mai Zanen Tulsi

Duk wanda ya sayi zanen Khemraj a garinmu Nathdwara sai ya rantse da ibada aka haife shi. Tun yana saurayi abu ɗaya yake zanawa a kan ƙyalle: mata sun lulluɓe kai suna kewaya shukar tulsi mai tsarki, wannan da fitila, waccan da butar ruwa, kowane ganye a miƙe kamar an yi masa guga. Ni kuwa katanga ce ta raba mu, na san cikinsa na san bayansa. Tulsin da ke tsakar gidansu, uwarsa Gattu Bai ce ke ba ta ruwa kowace safiya. Da tsohuwa ta kwanta ciwo, sai gogan naka ya mai da gindinta wurin zubar da ruwan fenti. Kafin damina ta fita shukar ta bushe ƙayau, bai ko lura ba, yana can yana zana wata.

A wurinmu ba a barin mutum ya cika babu ganyen tulsi a bakinsa. Gattu Bai ba ta roƙi ɗanta komai ba sai wannan.

Wata Lahadi da hantsi numfashinta ya fara yin sama. Sai ga shi ya faɗo gidana, hannu duk shuɗi. Bhabhi yake ce mini, wato matar yaya, da yake mijina ya girme shi.

"Bhabhi, taimaka! Inna za ta tafi, tsinko min ganye."

Na ce, "Yau Lahadi, ba a tsinka, kai ma ka sani. Ga waɗanda suka faɗo da kansu nan a gindin tulsina, kwashi ka ruga."

Ya tsuguna. Ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga shi a rana, ya yar. "Wannan tsutsa ta ci." Ya ɗauki wani. "Wannan ya nannaɗe."

"Kai, Khemraj! Bakin uwarka za a sa, ba kasuwa za ka kai ba."

"Ke me kika sani game da tulsi? Jama'a su taru su ga wannan ƙazamin a bakin uwar Khemraj?"

"To sannu, sarkin gwanaye."

Haushi ya ishe ni. Na dumbuzi na dumbuza, na ture shi na fita, ko lulluɓi ban gyara ba. Na tarar matarsa ta riga ta sauko da tsohuwa ƙasa yadda ake yi wa mai cikawa, tana zaune a gefenta tana kuka. Ta ce har idon Gattu Bai ya daina gani tana tambaya, "Ya kawo?" Na sa mata ganyen duk da haka, amma mai ɗanɗanawar ta riga ta tafi. Ban taɓa raina ɗa namiji kamar ranar ba.

Can sai ga shi yana tafe a hankali, ya rufe tafin hannu da ɗayan kada iska ta ɗauke. Ya samo mai kyau. Ya duƙa, ya leƙa bakin uwarsa, ya ɗago ya dube mu.

"Wa ya sa mata waɗannan?"