Ragon da Aka Yanka Mini a Maroko

Ko tsufa zai kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, ba na jin zai iya ɗauke ranar da aka yanka rago saboda ni a ƙasar Maroko, alhali ni ko romo ba na sha.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, a Gyadi-Gyadi nake zaune, ba nisa da asibitin da nake aiki. Na yi shekaru ina fama da cikina, yau kumburi, gobe murɗa, wani lokaci gudawa ta hana ni fita aiki. An yi gwaje-gwaje ba a ga wani mugun abu ba, sai likita ya ce hanjina ne mai saurin fushi, in riƙa lura da abin da ke tayar da shi. Da na lura, sai na tarar nama ne da nono da madara da ƙwai da man shanu. Na bar su gaba ɗaya, na koma wa acha da shinkafa da zogale da kabewa. Kullum da safe kuma sai in taka da ƙafa har kasuwar Tarauni in dawo. Tsokana kam na sha ta, har akuyar asibiti abokan aiki suke ce mini, amma na samu lafiyar da na manta akwai irinta.

Ana haka sai yayana, wanda ya yi karatu a Maroko har ya yi aure ya zauna can, ya aiko mana da tikiti ni da Inna mu je hutu. Inna tana da ciwon suga, ni ce mai yi mata allura da lura da abincinta, saboda haka tun daga gida na san ba ni da damar kwanciya ciwo a ƙasar mutane. Na tambayi Yaya abin da ake bari a shiga da shi, sannan na shiga kasuwar Tarauni na haɗo acha da busasshen zogale da citta. Na kuma roƙe shi ya sanar da surukansa halin da nake ciki. Ya ce kar in damu, an gama.

Kwanakinmu na farko a birni lafiya lau. Duk gidan abincin da muka shiga sai na tambayi da me aka yi girkin, ba na jin nauyin kowa. Ruwan roba kawai nake sha, da safe kuma in bi bakin teku da ƙafa kafin rana ta ɗaga.

Sai ranar da muka tafi ƙauyen surukan Yaya, can gindin duwatsu, inda aka shirya mu kwana, washegari a hau da mu dutse mu ga wani marmaro. Muna shiga gidan na ga ƙaton rago a ɗaure a tsakar gida, wani yana wasa wuƙa. Na dubi Yaya, ya sunkuyar da kai. Ya ja ni gefe ya ce wallahi ya kasa faɗa musu, don tun da aka ji zuwanmu surukinsa yake kiwon ragon nan, kuma a wurinsu ƙin cin abincin mai gida ba ƙaramin abu ba ne.

“Ki daure ki ci ko yanka ɗaya ne, ƙanwata,” ya ce. “Kar ki ba ni kunya.”

Na ce, “Yaya, yanka ɗayan nan kwana da kwanaki zai kwantar da ni. Wa zai yi wa Inna allura? Bar ni da su, ni zan yi magana.”

Na kama hannun matarsa muka nufi ɗakin girki, inda mahaifiyarta take yanka albasa. Na gaishe ta da ɗan Larabcina na Islamiyya, wanda ya sa matan da ke wurin murmushi, don su nasu daban ne. Na dafa cikina na yi mata bayani, matar Yaya tana fassarawa. Tsohuwar ta juya mini baya ta ci gaba da yankanta, har na fara tunanin na ɓata komai. Can sai ta tambaya ko har da romo. Na ce har da shi. Man shanu fa? Na ce shi ma. Ta ajiye wuƙar ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi 'yarta to me aka bar wa yarinyar nan a duniya.

Dariya ta kama ni. Na je na ɗauko achata na zuba mata a tafin hannu. Ta murza da yatsu, ta shinshina, ta ce ai wannan jikan kuskus ne. Daga nan ta miƙa hannu saman kanta ta sauko da wata sabuwar tukunyar ƙasa da nama bai taɓa shiga ba. Tare muka zuba kabewa da karas da dankali da man zaitun, ni kuma na turara acha na barbaɗa zogale.

Na ɗauka an wuce wurin, ashe da saura. Da aka zauna cin abinci bayan azahar, mai gidan, dattijo mai farin gemu wanda ba a kai ga sanar da shi ba, ya zaɓo tsokar kafaɗa da hannunsa ya ajiye a gabana. Wai ni ce baƙuwar da ke kula da marasa lafiya, ni ta dace da ita. Yaya kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Na sa hannu biyu na ɗauki farantin, na ce, “Baba, na karɓi karamcinka, Allah ya saka da alheri. Cikina ne ba ya ɗaukar nama. Ka ba ni izini in miƙa wa mahaifiyata, in ta ci ni na ci.”

Da aka fassara masa, ya juya ya kalli Yaya. Sannan ya ce shi abin da zai fi ba shi kunya shi ne baƙo ya shigo gidansa da ƙafarsa ya fita a kwance. Ya miƙa wa Inna naman da kansa, ya jawo tukunyata ya ɗebi acha ya ɗanɗana, ya ce ba laifi, amma da sauran gishiri. Kowa ya yi dariya, aka ci gaba da ci.

Washegari na tashi garau. Na yi wa Inna allurarta, aka ɗora ta a kan alfadari, ni kuma na riƙe linzamin muka kama hawa. Hanyar tana da tsayi da duwatsu, amma ƙafar da ta saba da tafiya ba ta ba ni kunya ba. Yaya ne muka riƙa tsayawa jira, yana haki yana zargin ragon jiya. Da muka isa, Inna ta sauko ta sa hannu a ruwan nan mai sanyi ta yi alwala, ta daɗe tana kallon ƙauyen daga sama tana yi mana addu'a.

Abin da na koya shi ne, kunya ba ta maganin ciwo, kuma saƙon lafiyarka ba a ba wani ya kai maka. Ka faɗa da bakinka, da wuri, cikin ladabi. Wanda ya yanka maka rago ba ragon ne a ransa ba, kai ne.