Tsagar Baban Abokina

Shekarun baya kaɗan, ina koyarwa a wata sakandare a nan Keffi, na sayi kyamara ta hannu, sai kai ya fara kumbura. Ko suna ake yi a unguwar Liman Abaji sai ka gan ni da ita a wuya, ina durƙusawa ina miƙewa, alhali rabin maɓallanta ban san aikinsu ba. Wani ya ce mini ƙwararru a raw suke ɗauka, wato ɗanyen hoto, wanda sai an kai kwamfuta an gyara kafin ya zama abin kallo. Ai kuwa na juya ta can na manta.

Abokina, malami ne shi ma, ɗan Agwada, ya gayyace ni bikin godiyar kaka a cocinsu. Can na ɗauki mahaifinsa a bakin ƙofa, rungume da doya biyu, yana dariya. Rana na bayansa, fuskar ta yi duhu, ni ko dubawa ban yi ba.

Bayan wata biyu tsohon ya rasu. Ran Litinin abokina ya zo gida ya ce, "Malam, ka san Baba ba ya son hoto. Mun birkice gida, sai na katin zaɓe kawai muka samu. Asabar za a binne shi, mai buga takardar jana'iza kuma yana son hoto ran Alhamis." Na ce, "Haba, wannan ai ƙaramin abu ne." Bakina dai!

Na buɗe laftof, hoto ya ce bai san zancen ba. Sai a ranar na gane raw yana buƙatar manhajarsa ta musamman. Na garzaya unguwar Yara wurin wani mai shagon hoto, ya sa mini wadda yake aiki da ita. Ya ce, "Oga, kar ka wahalar da kanka, danna nan kawai." Na danna. Fuska ta haskaka, sumul, kamar an goge ta da mai. Wallahi har na yaba wa kaina.

Talata na hau mota zuwa Agwada. Na sami Mama, mahaifiyar abokina, zaune a tabarma cikin mata masu gaisuwa. Na durƙusa na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗana, wane ne wannan?"

Na ce, "Mama, Baba ne."

Ta girgiza kai. "Doyar dai tamu ce. Amma mijina baƙi ne, kuma yana da tsaga uku a kowane kumatu. Wannan yaron ban san shi ba."

Kunya ta kama ni, har na rasa inda zan sa idona. Ashe manhajar ta ɗauki tsagar a matsayin tabo, ta share. Da na koma, mai shagon ya ce ai kowa haske yake so. Raina ya ɓaci. Na ce masa, "Wannan ba kowa ba ne."

Daga nan na ɗaura ɗamara. Na sauko da manhaja uku, data ta ƙare, na sake sayo wata. Gwajina ɗaya ne: in faɗaɗa kumatun tsoho in ga abin da kowacce za ta yi masa. Ta farko mai tsada ce, laftof ɗina ya ɗau zafi ya sandare kafin ma ta gama buɗewa. Ta biyu maɓallanta sun fi na kyamarar yawa, ta mai da fatarsa kore-kore. Ta uku ita ce wadda kamfanin kyamarar ke bayarwa kyauta, mummuna, ga nawa, kowane dannawa sai ka jira. Amma ba ta taɓa komai sai in kai ka sa ta. Ita na zaɓa.

Laraba aka ɗauke wuta tun safe. Na kwashi kayana zuwa shagon aski mai sola, na zauna a lungu, gashin mutane na sauka a kan ƙafata. Kaɗan-kaɗan na riƙa ɗaga duhun fuskar. Sai ɗigo-ɗigo suka fito kamar an watsa gero. Idan na share su, tsagar ta bi su. Na bar su.

Alhamis da safe abokina ya kira, "Turo mini kawai, lokaci ya ƙure." Na ce, "Mutumina, ka yi haƙuri, ba inda zai je sai Mama ta gani." Ya yi faɗa, na hau mota na same shi a Agwada.

Wannan karon ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɗora yatsa a kan gilashin, tana bin tsagar ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Shi ne. Ga ma wadda ta karkace."

Har yau idan aka tambaye ni wace manhaja ta fi, nakan ce a gwada ta a fuskar wanda aka sani sosai, idan ta mai da shi baƙo a rabu da ita. Hoton nan ba shi da kyau, duk mai sana'a zai ga ɗigon. Amma ban taɓa yin aikin da na fi alfahari da shi ba.

Da na miƙa hannu zan rufe laftof ɗin don mu kama mota, Mama ta riƙe ni. Ta ce, "Bar shi tukuna." Ni da abokina muka fita muka tsaya a waje, muka bar su su biyu.