Hukuncin Ƙafar Hagu

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana kanikanci, kuma duk layin garejin ba a san shi da wani suna ba sai Alƙali. Duk motar da ya sauke wa inji, ko da mai ne kawai yake ɗiga, sai ya zaro farantin kuloci ya duba. Tunda an riga an buɗe, in ji shi, gani kyauta ne. Zai goge farantin da tsumma, ya bi shi da babban yatsa, ya shinshina, sannan ya yanke wa direba hukunci a gaban jama'a.

"Kai ne mai ɗora ƙafa a kan kuloci kana tafiya? Matashin kai ka samu?"

Ba a ɗaukaka ƙara. Ya taɓa sa wani shugaban makaranta ya ba motarsa haƙuri.

Da ciwon suga ya kama shi, 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta ce ya ajiye tuƙi, don ƙafarsa ta hagu ta fara mutuwa. Ya ce ƙafar tasa ce, in ta mutu shi zai fara sani. Wata takwas suna wannan ja-in-ja, makullin tsohuwar motarsa na aljihun gaba tare da tabarau.

Wata Laraba da hantsi, shi da ƙanensa, abokin aikinsa a garejin, suka ɗaga injin motar tasa da sarƙa saboda hayaƙin da take yi.

"Yaya, kulocin nan ai bara ka sa shi sabo. Ƙyale shi."

"Tunda an buɗe," in ji Alƙali.

Farantin ya fito sumul kamar bayan cokali, yana ƙauri. Ya juya shi sau biyu. Ya san wannan cin. Ba na hawan tudu ba ne, ba na lodi ba. Ƙafa ce take kwana a kan kuloci, mai ita bai sani ba.

"Wa ke hawa motar nan bayan ni?"

"Wa ya isa?" Ƙanen ya mai da ido kan sifana. "Wataƙila jabu suka ba ka. Ka san kayan yanzu."

"Da hannuna na zaɓe shi."

Ya zauna a benci, ya cire takalmin hagu, ya danna tafin ƙafar da yatsan da ya shafa farantin. Yatsa ya ji ƙafa. Ƙafa ba ta ji yatsa ba.

Da 'yar ta biyo da maganinsa bayan ta tashi aiki, ya miƙa mata makullin tun ba ta zauna ba.

"Baba, lafiya?"

"Direbana ne ba shi da kirki. Na sallame shi."

Har yanzu yana zaro farantin duk motar da ya sauke wa inji. Sai dai in direban dattijo ne, yakan ja shi bayan rumfa, ya tambaye shi yaya ƙafa.